Keɓe Kashi 30 Cikin 100 na Duniya Domin Halittu: Abin da Bincike Ya Nuna da Abin da Ake Jayayya a Kai

Tun ranar 19 ga Disamban 2022, lokacin da ƙasashen duniya suka amince da sabon tsarin kare halittu a birnin Montreal na Kanada, wani adadi yake ta yawo a kafafen yaɗa labarai: kashi 30 cikin 100 na tudu da kashi 30 cikin 100 na teku su shiga ƙarƙashin kariya nan da shekarar 2030. Wasu sun fahimci maganar da cewa za a tashi mutane daga kusan sulusin duniya a bar wa namun daji, wasu kuma sun ɗauke ta alƙawarin taro ne irin wanda aka saba, wanda ba ya wuce takarda. Matanin yarjejeniyar bai ce a tashi kowa ba, har ma ya ambaci mutunta haƙƙin mazauna wuraren, sai dai ya bar wa kowace gwamnati yadda za ta aiwatar. Saboda haka tambayar da ta shafi manomi da makiyayi da masunci ita ce wadda masu bincike suka fi shekara 20 suna ƙoƙarin amsawa: shin keɓe wuri yana ceton halittun da ke cikinsa, kuma a wane hali yake yin hakan?

Kalmomin da ake amfani da su

Idan masana suka ce yalwar halittu, abu uku suke haɗawa. Na farko shi ne bambancin da ke cikin jinsi ɗaya, kamar yadda dawa take da kaura da farfara, shanu kuma suke da Bunaji da Rahaji da Bokoloji, kowanne da irin juriyarsa ga fari ko cuta. Na biyu shi ne yawan jinsunan kansu, daga giwa zuwa ƙudan zuma zuwa ƙwayoyin da ke ruɓar da ganye a cikin ƙasa. Na uku shi ne bambancin mazaunai, wato fadama da kurmi da tafki da dajin ƙaya. Ana iya rasa na farko ba tare da wani jinsi ya ƙare ba, kuma irin wannan asarar ce ta fi saurin kaiwa ga rumbun manomi.

Keɓaɓɓen wuri kuma ba iri ɗaya ba ne. Ƙungiyar IUCN, wadda ke tsara ma'aunin da ƙasashe ke bi, ta kasa su gida 6, daga wurin da ba a shiga sai domin bincike har zuwa wurin da aka yarda a yi kiwo ko su ko tsintar 'ya'yan itatuwa bisa ƙa'ida. A 2018 an ƙara wani rukuni, na wuraren da ba gandun gwamnati ba ne amma yadda mutane ke tafiyar da su yana kiyaye halittu, kamar kurmin da al'ada ta hana sara ko makiyayar da al'umma ke tsarewa. Duk waɗannan ana iya lissafa su cikin kashi 30 ɗin, kuma wannan ne ɓangaren da ya fi ɓacewa a rahotannin labarai.

Inda adadin ya samo asali

An buɗe Yarjejeniyar Yalwar Halittu, wadda tsarin Montreal yake ƙarƙashinta, domin sa hannu a taron Rio de Janeiro na 1992, kuma Amurka har yau ba ta zama cikakkiyar mamba ba. A 2010, a Nagoya ta Japan, ƙasashe suka ɗora wa kansu manufofi 20, ciki har da keɓe kashi 17 na tudu da kashi 10 na teku nan da 2020. Da wa'adin ya cika, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna babu ko ɗaya daga cikin manufofin da aka cika gaba ɗaya. Wadda aka fi kusantar cikawa ita ce ta faɗin wuraren da aka keɓe, kuma dalilin a fili yake: faɗin ƙasa abu ne mai sauƙin aunawa, shugaba kuma yana iya ƙara shi da sa hannu ɗaya. Alƙaluman 2024 sun nuna an kai kashi 17.6 a tudu da kashi 8.4 a teku, wanda ke nufin cika alƙawarin Montreal yana buƙatar kusan ninka na tudu, na teku kuwa a ninka shi fiye da sau uku.

Abin da ya ingiza ƙasashe ga ƙara adadin shi ne girman asarar da ake gani. Kwamitin masana na IPBES ya ƙiyasta a 2019 cewa jinsuna kusan miliyan 1 na fuskantar barazanar ƙarewa, ya kuma jera musabbabai 5 bisa girman tasirinsu: sauya yadda ake amfani da ƙasa da teku, kisa da kamu da sara kai tsaye, sauyin yanayi, gurɓata muhalli, da baƙin halittu masu mamaye wuri. Akwai wani adadin da ake yawan karantawa a karkace. Rahoton ƙungiyar kare namun daji ta WWF na 2024 ya ce garken namun dajin da ake bibiya sun ragu da kashi 73 cikin 100 tsakanin 1970 da 2020, na Afirka kuma da kashi 76. Wannan ba ya nufin kashi 73 na dabbobin duniya sun mutu. Matsakaicin canjin da aka gani ne a garke kusan 35,000 da aka ƙidaya, inda ƙaramin garke da babba suke shiga lissafi, kuma wani nazari da mujallar Nature ta buga a 2020 ya nuna cewa 'yan tsirarun garke da suka yi mummunar faɗuwa suna jan matsakaicin ƙasa sosai. Asarar gaskiya ce, amma ba ta watsu daidai a ko'ina ba, kuma sanin inda ta taru shi ne ke nuna inda ya kamata kuɗi su tafi.

Yadda ake gane ko kariya ta yi aiki

Shekaru da dama hujjar da ake kafawa ita ce kwatanta cikin gandu da wajensa: ciki akwai itatuwa, waje an sare, ke nan gandu ya yi aiki. Matsalar wannan lissafi ita ce gwamnatoci sun fi keɓe wuraren da tun asali ba wanda ke nema, wato kan duwatsu da gangare da nesa da hanya, kamar yadda wani nazari na 2009 ya nuna a ƙasashe da yawa. Manomin da ya zuba taki a fadama ya bar jigawa haka nan, ba zai iya cewa takin ne ya kawo bambancin amfani ba, sai in ya gwada a gonaki biyu masu ƙasa iri ɗaya. Haka masu bincike suka koma yi, suna haɗa kowane yanki na gandu da wani na waje mai kama da shi a tudu da ruwan sama da nisan kasuwa. Da aka yi wannan a Kosta Rika a 2008, sai aka ga kusan kashi 10 ne kawai na dazuzzukan da aka keɓe da za a sare da ba a keɓe su ba. Kariyar ta yi amfani, amma bai kai yadda tsohon lissafi ke nunawa ba.

Wannan sauyin tunani yana da alaƙa da kiran da masanin Birtaniya William Sutherland da abokan aikinsa suka yi a 2004, cewa aikin kare halittu ya koyi darasi daga aikin likita, inda ba a raba magani sai an gwada shi. Sun lura cewa masu kula da gandaye sun fi dogara da abin da suka gada daga na gaba da su, ba da sakamakon gwaji ba. Misalin da aka fi kawowa daga Birtaniya yake, inda aka kashe kuɗi wajen ɗaura wayoyi a saman manyan tituna domin jemagu su bi su tsallaka ba tare da mota ta buge su ba, sai bincike na 2012 ya nuna yawancin jemagun ba sa bin wayoyin.

Nazari biyu na baya-bayan nan ne suka fi ba da cikakken hoto. A 2022 an duba garken tsuntsayen ruwa sama da 27,000 a keɓaɓɓun wurare kusan 1,500, kafin keɓewa da bayanta, aka kwatanta da makamantansu a waje. Kashi 27 cikin 100 ne kawai suka amfana a fili, kashi 21 kuma sun fi na waje raguwa. Abin da ya fi raba masu nasara da sauran shi ne ko ana kula da wurin musamman domin tsuntsayen da mazauninsu. A Afrilun 2024 kuma mujallar Science ta buga wani nazari da ya tattara bincike 186 masu ɗauke da gwaji 665, ya gano cewa a kashi biyu cikin uku na gwaje-gwajen, aikin kariya ya inganta halin halittu ko aƙalla ya rage saurin lalacewarsu. Kawar da baƙin halittu masu mamaya, musamman a tsibirai, yana cikin abubuwan da suka fi tasiri. A kusan ɗaya cikin biyar kuwa, halittun da ake son karewa sun fi shan wahala bayan an sa hannu. Idan aka haɗa nazarin biyu, sakamakon shi ne aikin kariya yana yin tasiri sau da yawa, amma shata iyaka a taswira ba shi ne aikin ba.

Gandun da ke takarda kawai

Afirka ta Yamma tana da hujjarta a kan wannan. Wani bincike da aka buga a 2014 ya bi gandaye 21 da ake zaton akwai zakuna a cikinsu, ya same su a 4 kawai: Niokolo-Koba a Senegal, haɗakar W da Arly da Pendjari a kan iyakar Nijar da Burkina Faso da Benin, sai Tafkin Kainji da Yankari a Najeriya. An ƙiyasta duk zakunan da suka rage a yankin ba su wuce kusan 400 ba. Sauran gandaye 17 suna nan a taswira, kuma faɗinsu yana cikin alƙaluman da ƙasashe ke miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya. Wani nazari na 2018 ya lissafa cewa gandayen Afirka masu zakuna suna buƙatar fiye da dala biliyan 1 a shekara, abin da suke samu kuma bai kai dala miliyan 400 ba.

A arewacin Najeriya gandun da ba a kula da shi yana da wata illa bayan asarar namun daji. Sambisa wurin kiyaye namun daji ne kafin ya zama sunan da kowa ya sani, Kamuku da ke Birnin Gwari da dajin Falgore kuma sun yi fama da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince da ƙara gandaye 10 a kan 7 da take riƙe da su, ciki har da Falgore a Kano da Kogo a Katsina da dausayin Haɗeja a Jigawa. Ko wannan zai canza wani abu ya dogara da ma'aikata da albashi da motocin sintiri da za su biyo bayan sanarwar, domin wurin da aka hana jama'a shiga, hukuma kuma ba ta shiga ba, wanda ba ya tsoron doka ne ke gadonsa.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Ɓangare na farko yana ganin ko kashi 30 ya yi kaɗan. Masanin halittu na Amurka E. O. Wilson ya yi kira a keɓe rabin duniya, bisa ƙa'idar da aka daɗe da tabbatarwa cewa yawan jinsunan da wuri ke iya riƙewa yana ƙaruwa da faɗinsa. Hujjarsu mai ƙarfi ce game da manyan dabbobi kamar giwa da zaki, waɗanda ba sa rayuwa a ɗan ƙaramin fili, da kuma halittun kurmi da ba sa jure noma ko kaɗan. Wani bincike na 2011 da aka yi a kudu maso yammacin Ghana da arewacin Indiya ya goyi bayan wannan gefen, inda ya nuna yawancin jinsunan tsuntsaye da itatuwa sun fi tsira idan aka ƙara amfanin gona a ƙaramin fili aka bar kurmi yadda yake, fiye da idan aka baza noma mai ƙarancin amfani a ko'ina.

Ɓangare na biyu, wanda ya haɗa da ƙungiyoyin kare haƙƙin 'yan asalin wuri da masana zamantakewa, yana nuni da tarihi. An kafa gandaye da yawa a Afirka tun zamanin Turawa ta hanyar tashin mazauna, kuma abin bai tsaya a can ba: a Yunin 2022 an yi arangama a Loliondo ta Tanzaniya lokacin da hukumomi suka shata murabba'in kilomita 1,500 na makiyayar Masai, Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam kuma ta yanke a 2017 cewa Kenya ta tauye haƙƙin al'ummar Ogiek a dajin Mau. Wani lissafi na 2019 ya nuna keɓe rabin duniya zai iya shafar mutane fiye da biliyan 1. Suna kuma kafa hujja da binciken 2018 da ya gano cewa 'yan asalin wuri suna riƙe da aƙalla rubu'in ƙasar duniya, kuma babban kaso nata bai lalace ba. Sai dai wannan gefen ma yana da adadin da bai tsaya da ƙafarsa ba. Maganar da aka daɗe ana maimaitawa, cewa kashi 80 na yalwar halittun duniya yana yankunansu, wasu masana da ke goyon bayan haƙƙin nasu ne suka bi diddiginta a 2024 suka ce ba su sami binciken da ta dogara a kai ba.

Ɓangare na uku ba ya jayayya da ko wanne a kan manufa, yana dai tsoron abin da adadin faɗi ke jawowa, wato gwamnati ta keɓe hamada ko teku mai nisa ta cika kashinta, a bar ƙananan wurare masu tarin jinsuna da ke kusa da gonaki da birane.

Abin da ke faruwa a wajen gandu

Yankin Sahel ya ba wannan muhawara wasu misalan da ake ambato a duniya. A jihohin Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, manoma suka koma barin tohon kututtuka a gonakinsu suna sassabe shi maimakon tumɓukewa, dabarar da masanin noma Tony Rinaudo ya taimaka wajen yaɗawa. Hotunan sama da Gray Tappan da abokan aikinsa suka kwatanta sun nuna itatuwa sun dawo a kusan hekta miliyan 5, an kuma ƙiyasta su da miliyan 200, gawo yana cikin waɗanda suka fi yawa. Ɗaya daga cikin dalilan da masu bincike ke bayarwa shi ne manomi ya fara ganin itacen gonarsa nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba. Wannan bai dawo da zaki ko giwa ba, kuma jinsunan itatuwan ba su kai na daji yawa ba, amma ya dawo da inuwa da abincin dabbobi da mazaunin tsuntsaye a inda babu gandu ko ɗaya. Raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma ma a cikin gonakin mutane suke zaune a yankin Kure kusa da Yamai. An ƙidaya 49 a 1996, suka haura 600 daga baya, har aka kwashi 8 zuwa Gadabeji a 2018.

Dausayin Haɗeja da Nguru kuma yana nuna iyakar abin da keɓewa ke iya yi. An sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a 2000, amma ruwan da ke raya wurin daga sama yake zuwa, kuma madatsun Tiga na 1974 da Challawa na 1992 sun sauya lokacin ambaliya da yawanta, kacalla kuma ta toshe magudanai. Binciken tattalin arziki da Edward Barbier da abokin aikinsa suka buga a 1998 ya nuna asarar noma da su da itacen wuta a dausayin ta fi ribar noman rani da aka samu a sama. Makomar tsuntsayen da ke zuwa daga Turai da ta masuntan yankin tana hannun mai buɗe ƙofar madatsa, ba mai gadin gandu ba.

Abin da zai iya shafar talaka

Asarar halittu tana da farashin da ake biya da lafiya. A Indiya, maganin dabbobi na diclofenac ya kusan ƙarar da ungulaye kafin a hana amfani da shi a 2006, kuma nazarin da Eyal Frank da Anant Sudarshan suka buga a 2024 ya ƙiyasta cewa mushen da aka rasa mai cinyewa, da karnuka da gurɓatar ruwa da suka biyo baya, sun ƙara mutuwar mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Ungulun da aka saba gani a mahautun ƙasar Hausa ta shiga jerin masu fuskantar matsananciyar barazana tun 2015, saboda guba da cinikin sassan jikinta.

Ta ɗaya gefen, faɗaɗa gandaye yana iya faɗawa kan wanda haƙƙinsa bai shiga takarda ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta Najeriya ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓe fili domin amfanin jama'a, diyya kuma a kan gini da shuka ake biyanta, saboda haka makiyayin da ke bin burtali da matar da ke tsintar kaɗanya ko ɗorawa ba su da abin da za a auna musu. A Nijar dokar makiyaya ta 2010 ta amince da yawon kiwo a matsayin haƙƙi, abin da ke ba makiyayi madogara idan za a shata sabuwar iyaka. Rukunin nan na 2018 zai iya zama hanyar da za a lissafa makiyaya da kurmin gari da tafkunan da sarkin ruwa ke tsara lokacin su a cikinsu ba tare da an ƙwace su ba, amma sai gwamnati ta yi musu rajista da sunan masu su.

Sauran magana ta kuɗi ce. A Montreal an yi alƙawarin tara dala biliyan 200 a shekara nan da 2030, ƙasashe masu arziki su ba masu tasowa biliyan 20 a shekara nan da 2025 da biliyan 30 nan da 2030, a kuma rage tallafin da ke lalata muhalli da biliyan 500 a shekara. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta nuna rashin amincewa a daren da aka zartar, saboda ba a kafa asusu na musamman ba. Taron Cali na Kolombiya a 2024 ya watse ba a daidaita kan kuɗin ba, sai da aka sake zama a Rum a Fabrairun 2025, kuma ƙasashe 44 ne kawai suka miƙa cikakken shirinsu na ƙasa kafin a tashi daga Cali. An tsara bitar farko ta yadda ƙasashe suka cika alƙawuran a taron Yerevan na Armeniya a 2026.